Mudraya: Misira a ƙarƙashin sarakunan Farisa

A watan Disamba na 1972, masu haƙar kayan tarihi da ke aiki a kufan birnin Susa, a kudu maso yammacin Iran ta yau, suka tono wani babban mutum-mutumi na dutse wanda kansa ya guntule ya ɓata. Siffar Sarki Dariyus na Ɗaya ce, wanda ya mulki daular Farisa daga shekara ta 522 zuwa ta 486 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Rigarsa ta Farisawa ce, da gajeren takobi soke a ɗamara, amma tsayuwarsa ta fir'aunoni ce, ƙafar hagu a gaba, kuma daga tsaunukan Wadi Hammamat na Misira aka saro dutsen. Rubutu iri biyu ne a jikinsa. Wanda aka yi da baƙaƙen Misirawa yana yi wa Dariyus kirari da sarkin Misira ta Kudu da ta Arewa, zaɓaɓɓen allolin ƙasar. Wanda aka yi cikin harsunan Farisa da Elam da Babila kuwa bayaninsa daban ne: an sassaƙa dutsen a Misira ne domin duk wanda ya gan shi nan gaba ya san cewa Bafarise ne ke riƙe da Misira.

Waɗannan maganganu biyu su ne tarihin lardin da Farisawa ke kira Mudraya. Shekara 121 ƙasar Fir'auna ta yi tana lardi cikin lardunan daular, daga 525 zuwa 404, sa'an nan ta sake komawa hannunsu shekara 11, daga 343 zuwa 332. Duk shekarun da za su zo a nan gaba na kafin Miladiyya ne, in ban da na haƙe-haƙen zamani. A tsawon wannan lokaci an bar wa Misirawa gumakansu da dokokinsu da harshensu, har ma an ari rigar sarautarsu an sa. Abin da aka karɓe shi ne ikon yanke magana da rarar arzikin ƙasa. Busasshen rairayin Misira ya adana takardun da ke nuna yadda aka tafiyar da wannan ciniki, da inda ya yi ƙarko, da inda ya tsage.

Yadda aka ci ƙasar

Kurush, wanda Turawa ke kira Sairus, shi ya kafa daular Farisa wajen shekara ta 550. Ya ci Midiya da Lidiya da Babila, amma ajali ya riske shi a 530 bai kai ga Misira ba. Ɗansa Kambiz ya gaji wannan buri. Abubuwa biyu ke tsare Misira ta wajen gabas: teku da hamadar Sina'i. Kambiz ya sami jiragen Finikiyawa da na mutanen Kubrus, ya kuma ƙulla alkawari da wani sarkin Larabawa, wanda ya ɗora salkunan ruwa a kan raƙuma ya tarye shi da su a hamada, kamar yadda marubucin tarihi na Girka, Herodot, ya ruwaito. Ana cikin wannan shiri tsohon Fir'auna Amasis, wanda ya shekara 44 bisa gado, ya rasu a 526, ya bar ɗansa Samtik na Uku da yaƙin da bai shirya masa ba.

A 525 aka gwabza a Felusiyum, ƙofar gabas ta yankin Delta, inda Nilu ke rarrabuwa kafin ya faɗa Bahar Rum. Aka karya rundunar Misira, aka kewaye babban birnin Memfis har ya sallama. Sarautar Samtik ba ta wuce wata shida ba. Da labari ya bazu, Libiyawan da ke maƙwabtaka da Misira, da biranen Girkawa na Kirene da Barka a gaɓar Libiya, suka aiko da gaisuwa tun ba a kai musu yaƙi ba. Dukansu aka haɗa cikin lardi guda, aka ɗora masa gwamna. A harshen Farisa sunan wannan muƙami yana nufin mai tsaron mulki, Girkawa kuma suka lanƙwasa kalmar ta zama satrap. Gwamnan farko shi ne Ariyandes, mazauninsa kuwa Memfis.

Bijimin Apis da kuɗin ɗakunan bauta

A cikin littafin Herodot, Kambiz mahaukaci ne. Ya tono gawar Amasis ya ƙone ta, ya yi wa gumaka ba'a, ya kuma daɓa wa bijimin Apis wuƙa a cinya har ya mutu. Wannan bijimi Misirawa na ɗaukarsa a matsayin siffar allahnsu Fitah mai rai, saboda haka ba laifin da ya kai kashe shi. Fiye da shekara dubu biyu wannan labari ya yi ana maimaita shi.

Amma gani ya kori ji. A 1851 Bafaranshen nan Auguste Mariette ya buɗe makabartar bijiman Apis a Sakkara, kusa da Memfis. Cikin abubuwan da aka samu akwai allon dutse na bijimin da aka binne a shekara ta 6 ta sarautar Kambiz, wato 524, wanda ke nuna sarkin cikin tufafin Fir'auna yana girmama dabbar. Akwai kuma akwatin gawar bijimin, wanda rubutun jikinsa ya ce Kambiz ne ya ba da shi. Bijimin da ya gaje shi bai mutu ba sai a zamanin Dariyus, a 518. Duwatsun ba su bar wa wuƙar Herodot wurin shiga ba.

To, daga ina baƙin sunan ya fito? Ruwa ba ya tsami banza. A bayan wata takardar fafirus, irin wadda Misirawa ke yi da ciyawar bakin Nilu, wadda ke ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasa a Paris, akwai kwafin wata doka ta Kambiz. Dokar ta rage abin da baitulmalin sarki ke ba ɗakunan bauta, in ban da guda uku. Shanun da ake ba su a zamanin Amasis an rage su zuwa rabi. Tsuntsaye kuwa an ce kada a ƙara ba su, limamai su kiwata dinyoyinsu da kansu su miƙa wa allolinsu. Ɗakunan bauta a Misira su ne manyan masu gonaki da rumbuna, su ne kuma makarantu da ma'ajiyar tarihi. Da Herodot ya ziyarci ƙasar wajen tsakiyar ƙarni na 5, daga bakin limamai da tafintoci ya ɗebi yawancin labaransa. Wanda ya taɓa aljihun masu riƙe da alƙalami, jikokinsu ne za su ba da labarinsa.

Ba dukan manyan Misira ne suka yi asara ba. A gidan adana kayan tarihi na Vatican akwai mutum-mutumin wani bafade mai suna Ujahoresnet, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa a jikin dutsen. Shi ne shugaban jiragen ruwan sarki a zamanin Amasis da Samtik. Da Kambiz ya zo sai ya zama babban likitan fada. Ya ce shi ya tsara wa baƙon sarki sunansa na sarauta irin na fir'aunoni, shi ya nuna masa darajar birnin Sayis, ya kuma sa aka kori baƙin da suka tare cikin harabar ɗakin bautar allahiya Nit. Abin da bai faɗa ba shi ne inda jiragensa suke a ranar Felusiyum. Wasu masana na kallonsa a matsayin wanda ya sayar da ƙasarsa, wasu kuma wanda ya ceci abin da ke iya cetuwa. Abin da ba shakka a kansa shi ne, ba da irinsa ba, da Kambiz bai zama Fir'auna ba.

Dariyus da rigar Fir'auna

Kambiz ya rasu a Sham a 522 yana hanyar komawa gida, daular ta rikice, Misira ma ta yi bore. Da Dariyus ya daidaita al'amura sai ya bi ta hanyar lallashi. Ya maido da Ujahoresnet daga Elam domin ya farfaɗo da cibiyar ilmi da ake kira Gidan Rayuwa. Ya umarci gwamnansa ya tara masana daga cikin askarawa da limamai da marubuta, su tattara dokokin Misira na da har zuwa ƙarshen zamanin Amasis. Aikin ya ci shekara 16, aka rubuta shi cikin rubutun yau da kullum na Misirawa da kuma Aramiyanci, harshen da daular ke gudanar da mulki da shi daga Nilu har kogin Indus. Wannan girmamawa ce ga al'adar ƙasa, amma kuma dabara ce: dokar da aka rubuta cikin harshen gwamna ta zama abin da gwamna zai iya dubawa ba sai ya dogara ga bakin limami ba.

Ya kuma kammala mashigin ruwan da Fir'auna Neko ya fara, wanda ya tashi daga reshen Nilu kusa da Bubastis, ya ratsa kwarin Tumilat, ya faɗa Bahar Maliya. Herodot ya ce tafiyar kwana huɗu ce a jirgi, faɗinsa kuma ya isa jiragen yaƙi biyu su jera. A gefensa aka kakkafa manyan alluna na dutse masu shelar cewa jirage sun tashi daga Misira sun isa Farisa ta wannan hanya.

Har cikin hamadar yamma hannunsa ya kai. A dausayin Karga, ɗakin bautar Hibis na tsaye har yau, bangayensa cike da siffar Dariyus yana miƙa hadaya ga allolin Misira. A kudancin wannan dausayi, a Ain Manawir, masu bincike na Faransa sun tono tun daga shekarun 1990 wani ƙauye na zamanin Farisawa, wanda ya rayu da ruwan da ake jawowa daga cikin dutse ta ramukan ƙarƙashin ƙasa masu jerin rijiyoyi a bisansu, dabarar da aka fi sanin Iran da ita. An sami ɗaruruwan yarjejeniyoyi rubuce a kan katangar tukwane, inda manoma ke saye da jinginar ruwa da lissafin kwanaki.

Sai dai lallashin yana da iyaka. A 492 gwamna Ferendates ya rubuta wa limaman allah Kunum na tsibirin Yeb game da zaɓen mai kula da dukiyar ɗakin bautarsu. Su ke kawo suna, amma shi ke gindaya sharuɗɗa, shi ke tabbatarwa. Gwamnan kansa ma ba shi da tabbas. Herodot ya ce Ariyandes ya tace azurfa ya buga kuɗi yana kwaikwayon sarki, sai Dariyus ya ɗora masa laifin tawaye ya sa aka kashe shi.

Abin da lardi ke biya

Cikin jerin larduna 20 da Herodot ya kawo, Misira tare da Libiya da Kirene da Barka ita ce ta shida. Harajinta a shekara talanti 700 na azurfa ne, kimanin tan 21. Cikin masu biya da azurfa Babila kaɗai ta fi ta, da talanti 1000. Ban da wannan akwai kuɗin kifin tafkin Fayum, wanda ke shiga baitulmalin sarki kai tsaye, da awo dubu 120 na hatsi domin ciyar da askarawan da ke tsare da Farin Garu, wato kagarar Memfis. Akwai ma garin da aka keɓe, Antilla, wanda kuɗin shigarsa na takalman matar sarki ne. Mutane ma haraji ne: rubutun ginin fadar Susa ya ambaci maƙeran zinariya da masassaƙa da masu adon bango Misirawa, kuma a yaƙin da Sarki Zarsis ya kai wa Girka a 480 Misira ta ba da jirage 200.

Wata takarda ta nuna yadda ake karɓar kuɗin fito. An same ta a Yeb, an goge rubutunta na fari an rubuta labarin wani mai hikima, Ahikar, a kai. Masaniyar tsofaffin rubuce-rubuce Ada Yardeni ta bi sawun gogaggen tawadar har ta karanto shi, aka buga a 1993. Ashe rajistar wata tashar jirage ce ta shekara guda, wadda yawancin masana ke ɗauka 475 ce. Cikin wata 10 jirage 42 suka shigo suka fita, 36 na Girkawan gaɓar Asiya, 6 na Finikiyawa. Sun kawo ruwan inabi da mai da katako da tagulla da ƙarfe da kuza da ulu. An rubuta ranar shigar kowane jirgi da ranar fitarsa da abin da ya biya wa gidan sarki. Kayan fita guda ɗaya ne aka rubuta harajinsa: kanwa, irin wadda ake haƙowa a kwarin Natrun.

Wasiƙun Arshama

Ba gwamnan da aka san shi ciki da bai kamar Arshama, ɗan gidan sarauta, wanda ya riƙe Misira shekaru da dama a rabi na biyu na ƙarni na 5. Wasiƙunsa, waɗanda aka rubuta da Aramiyanci a kan fata, sun bayyana a hannun masu sayar da kayan tarihi a shekarun 1930 tare da jakunkunan fata da aka zuba su ciki. Suna ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, an kuma fara buga su a 1954. Yawancinsu ya aiko su ne daga Babila ko Susa zuwa ga wakilan da ke kula da gandayensa a Misira.

Ɗaya daga cikinsu takardar guzuri ce ta wakilinsa Naktihor, Bamisire, wanda zai taso daga gabas zuwa Misira. An lissafa jami'an da zai ratsa ta hannunsu, har da na Arbela, wato Irbil ta yau, da na Dimashƙu. Kowace rana a ba shi awo biyu na farin gari, awo uku na gari mai ƙasa da shi, awo biyu na giya ko ruwan inabi. Barorinsa goma kowa awo guda. Dawaki kuma a ba su harawa. In ya wuce kwana ɗaya a zango, kada a ƙara masa komai. Wata takardar kuma, ta 411, umarni ne na gyaran jirgin ruwa guda ɗaya a can kudancin ƙasa. Sai da rahoto ya hau har wurin gwamna, aka aika masu lissafi suka duba, aka ƙidaya katako da ƙusoshin tagulla da na ƙarfe, kafin izini ya sauko.

Wannan tsari abin sha'awa ne, amma wata wasiƙar ta nuna abin da yake yi wa hidima. Arshama na yi wa Naktihor faɗa. Ya ce a lokacin wani bore da ya wuce, wakilin da ya gabace shi ya tsare bayi da dukiya ba abin da ya salwanta, har ma ya ƙaro. Ga shi yanzu wakilan sauran manya suna ƙara wa iyayengijinsu, shi kuwa ba ya yi. Sai ya umarce shi ya nemo ma'aikata masu kowace irin sana'a, ya shigo da su gandu, ya sa musu tambarin Arshama a jiki, in ba haka ba zai fuskanci tuhuma. A wata wasiƙar kuma wani basarake Bafarise na kukan cewa ba a kawo masa kuɗin gandunsa na Misira zuwa Babila ba. Ƙasar noma mafi albarka a duniyar wancan zamani ta zama gandun mutanen da ke zaune tafiyar watanni daga gare ta.

Rikicin tsibirin Yeb

A iyakar kudu, daura da Aswan ta yau, akwai tsibirin Yeb, wanda Girkawa ke kira Elefantin. Nan aka girke askarawa masu tsaron hanyar Kush, cikinsu har da wata al'ummar Yahudawa da ta zauna a wurin tun kafin zuwan Farisawa, da iyalansu da ɗakin bautarsu na Yahu. Takardunsu, waɗanda Jamusawa suka tono da yawa daga cikinsu tsakanin 1906 da 1908, sun nuna zaman cuɗanya. Wata mace mai suna Mibtahiya ta mallaki gidaje, ta auri Bamisire, ta kuma taɓa rantsuwa a gaban alƙali da sunan wata allahiyar Misira. Wani ma'aikacin ɗakin bautar, Ananiya, ya auri baiwa Bamisira a 449.

A 410, Arshama na wurin sarki, limaman Kunum suka haɗa baki da Widranga, hakimin yankin, wanda Yahudawan suka ce an ba shi kuɗi da kaya. Ya aika wa ɗansa Nafaina, shugaban askarawan Aswan, aka zo aka rushe ɗakin bautar Yahu, aka ƙone rufinsa na katakon al'ul, aka kwashe kwanonin zinariya da azurfa. Masana sun kawo dalilai biyu: jayayya kan fili tsakanin maƙwabtan ɗakunan bauta biyu, da kuma yankan tumaki a tsibirin da allahnsa ke da kan rago.

Shekara uku Yahudawan suka yi suna rubuce-rubuce ba amsa. A watan Nuwamba na 407 shugabansu Yedaniya ya kai kuka ga Bagawahya, gwamnan Yahudiya, da kuma ƴaƴan Sanballat, gwamnan Samariya. Hujjarsa ita ce ɗakin ya girmi mulkin Farisa, kuma Kambiz ya tarar da shi bai taɓa shi ba. Amsar da ta zo ta goyi bayan a sake gini a inda yake, a miƙa hadayar gari da turare. Ba ta ambaci hadayar dabbobi ba. A wata takardar Yahudawan da kansu sun yarda su bar yankan tumaki da shanu da awaki, suka kuma yi alkawarin azurfa da awo 1000 na sha'ir in an ba su izini. Wata yarjejeniyar sayar da gida ta 402 ta ambaci ɗakin bautar a matsayin iyaka, alamar an sake gina shi. Haka adalcin daular yake: yana zuwa, amma a makare, bayan doguwar tafiyar wasiƙu, kuma da farashi.

Bore da ƙarshen zance

Misira ba ta taɓa kwanciya gaba ɗaya ba. Ta yi bore a ƙarshen zamanin Dariyus, Zarsis ya murƙushe shi ya naɗa ɗan'uwansa Akamanish gwamna. Daga nan gine-ginen bauta da sunan sarkin Farisa suka yi ƙaranci, kuma sarakunan da suka biyo bayan Zarsis ba su taɓa ganin Nilu da idonsu ba har ƙarshen mulkin farko. Wajen 460 Inaros, wani basarake mai jinin Libiyawa daga yammacin Delta, ya tayar da ƙasa, ya kashe Akamanish a Fafremis, Atinawa kuma suka kawo masa gudummawar jirage 200. Amma Farin Garu bai faɗi ba. Janar Megabizos ya zo da sabuwar runduna, ya tsare Girkawan wata 18 a wani tsibiri na Nilu, ya karkatar da ruwan ya bar jiragensu a kan tudu, ya gama da su a 454. An kashe Inaros, amma aka bar wa ɗansa sarautar ubansa, domin Farisawa sun san ba za su iya mulkin fadamun Delta ba sai ta hannun ƴan ƙasa.

Daga waɗannan fadamu ƴanci ya fito. A 404, da Dariyus na Biyu ya rasu ƴaƴansa suka shiga rikicin gado, Amirtayos na Sayis ya ɗauki sarauta. Takardun Yeb sun ci gaba da lissafin shekara da sunan sarkin Farisa har wajen 401, sa'an nan a 400 sunan Amirtayos ya maye gurbinsa. Ba da daɗewa ba takardun Yahudawan tsibirin suka yi shiru. Kimanin shekara 60 Misira ta yi tana mulkin kanta. A 373 ambaliyar Nilu ta kori wata babbar rundunar Farisa, wani yunƙurin ma ya ci tura wajen 351. Sai a 343 Artashate na Uku ya sake cin ƙasar, Fir'auna Nektanebo na Biyu ya gudu kudu. Shi ne ɗan ƙasa na ƙarshe da ya hau gadon fir'aunoni. A 333 gwamna Sabakes ya tafi da askarawan lardin yaƙin Issos ya mutu a can, a 332 kuma magajinsa Mazakes ya miƙa Memfis da baitulmalinta ga Iskandar na Masedoniya ba tare da an zare takobi ba.

Sarki goma, zamani goma, amma tsarin bai tafi da masu shi ba. Da Iskandar ya rasu a 323, janar ɗinsa Batlimus ya karɓi Misira da laƙabin satrap, ya riƙe shi kusan shekara 18 kafin ya kira kansa sarki. A wani allon dutse na 311 limaman Buto sun yabe shi saboda ya maido da siffofin allolin da aka kwashe zuwa Asiya, ya kuma tabbatar musu da filin da suka ce wani sarkin Farisa ya ƙwace. Sabon baƙo ya koyi darasin da Kambiz ya raina: ya sayi alƙalamin limamai da gona, su kuma suka biya shi da baƙanta wanda ya gabace shi.

Saboda haka mai neman gaskiyar Mudraya ba zai tsaya ga Herodot kaɗai ba, ba kuma zai tsaya ga bangon Hibis ba. Labarin mahaukacin sarki ya fito daga waɗanda aka rage wa rabo, hoton sarki mai ibada kuma daga waɗanda aka ƙara wa. Tsakaninsu akwai rajistar fito, da takardar guzuri, da kukan Yedaniya, da tambarin da aka sa wa mutanen da ba a rubuta sunayensu ba. Al'ummomin da suka ɗanɗana mulkin baƙi a zamanin baya-bayan nan ba za su kasa gane fuskokin ba: gwamnan da ke jiran umarni daga nesa, tafinta, magatakarda, da basaraken da aka bar wa rawani aka karɓe masa baitulmali. Mulkin Farisa ya daɗe a Misira domin ya iya barin mutane da abin da suke bauta wa. Ya kasa kafuwa domin abin da suke nomawa wani wuri yake tafiya.